Sauran Abincin Jiya, Karin Kumallon Yau

Darasi don zumuntar mata da ƙungiyoyin nazari na ikilisiya

A yawancin gidajenmu na ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, abin da yaro zai ci da safe tun daren jiya ake saninsa. Idan malmala biyu ko uku ta rage a akushi, akwai ɗumame. Idan ba ta rage ba, sai a jiƙa kanzon gindin tukunya, ko a gutsuttsura hocen jiya, a yi datu da ƙuli-ƙuli. Idan wannan ma babu, yaro ya kama hanyar makaranta ko gona da ruwa kaɗai a cikinsa.

Mun saba da ɗumame har ba mu ɗauke shi abin koyo ba. Wa zai zauna a koya masa ɗumama tuwo? Amma cikin wannan ɗan aiki na sassafe ake samun ƙoshi, cikinsa kuma ake ɗaukar zawo. Ba abin kunya ba ne cin abin da ya kwana. Mun san labarin gutsattsarin gurasa da aka tattara har kwando 12 a Yohanna sura 6. Mun kuma san na mannar da wasu suka ɓoye ta kwana, ta yi tsutsa da wari, a Fitowa sura 16. A wannan darasi za mu duba yadda sauran abinci zai kai safiya lafiya, da yadda ɗan naman da ya rage zai isa kowa a gida.

Yadda wasu ƙasashe ke yi da nasu sauran

A Ingila da Amurka akwai wani karin kumallo da ya samo asali daga hali irin namu. Kafin zuwan firji, su ma gishiri ne yake tsare musu naman sa. Sukan binne shi cikin gishiri mai manyan ƙwayoyi, ko su jiƙa shi a ruwan gishiri kwana da kwanaki, sa'an nan su dafa shi da dankalin turawa da kabeji. Washegari sai uwargida ta tattara abin da ya rage, ta daddatsa naman da dankalin ƙanana-ƙanana, ta soya da albasa a kasko har gindin ya yi kanzo, wani lokaci ta ɗora soyayyen ƙwai a kai. Suna kiransa “hash”, sunan da ya fito daga wata kalmar Faransanci mai nufin daddatsawa. A Amurka, zuriyar mutanen Ailan sukan dafa irin wannan nama ran 17 ga Maris, ranar tunawa da Waliyyi Patirik, kashegari kuma su karya da saura. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, da ɗanyen nama ya yi wuya, gidaje da yawa da naman gwangwani suka riƙa yinsa. Yau har a gidajen sayar da abinci ake cinsa da hantsi, ya tsaya wa mutum a matsayin karin kumallo da abincin rana gaba ɗaya.

Ba mu kawo wannan don mu ce a je a sayi naman gwangwani ba. Kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancinmu, kuma muna da soye da kilishi da dambun nama, waɗanda duk dabara ɗaya ce: gishiri, wuta, bushewa. Abu biyu ne muke so mu ara. Na farko daddatsawa. Tsoka huɗu a cikin miya ba ta isa mutum goma ba, kuma duk mun san kwanon wa take faɗawa. Amma tsoka huɗun nan idan aka daddatsa ta aka cuɗa da dankali, ba wanda zai iya tsince ta, auta ma sai ya samu rabonsa a kowace loma. Na biyu kuwa zafi, domin abin da aka soya a kasko har ya yi kanzo ya sha wuta sosai, ba ɗumi-ɗumi ba.

Me ya sa cikin yaro bai kamata ya wuni wayam ba

A ko'ina ma yaro mai jin yunwa ba ya fahimtar karatu. A yankinmu akwai wani dalili kuma. A shekarar 2010 ne ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce take kashe yara a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, da Dareta da Abare da Sunke a Anka. Yara fiye da 400 suka mutu. Gubar ta fito daga ƙurar duwatsun zinariya da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a waɗannan ƙauyuka, a Bagega kuma sai a 2013 aka yi aikin. Haƙar zinariya dai ba ta tsaya ba, ƙura kuma tana bin tufafi da takalma har gida.

Abin da ya haɗa wannan da karin kumallo shi ne, jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 fiye da na babba, in ji Hukumar Lafiya ta Duniya. Hanjin da ba kome a cikinsa ya fi tsotsarta, haka kuma jikin da ya rasa sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da sinadarin ƙashi. Yaron da ya fita wasa cikin ƙura da sassafe, yana sa hannu a baki, cikinsa wayam, ya fi ɗan'uwansa da ya karya shiga haɗari. Kada mu fahimci wannan a karkace. Abinci ba maganin gubar dalma ba ne. Yaron da yake farfaɗiya, ko yawan amai, ko kasala marar dalili, asibiti za a kai shi a gwada jininsa. Kuma wuta ba ta kashe dalma. Tuwon da ƙurar dutse ta sauka a kansa, ko an tafasa shi sau goma gubar tana nan. Masu binciken da suka yi aiki a ƙauyukan nan sun tarar hatsi ya fi gurɓata bayan girbi, wajen sussuka da daka da niƙa. Saboda haka turmin da ya taɓa dakan dutse, da injin da ya taɓa niƙa shi, da buhun da ya taɓa ɗaukarsa, sun rabu da abinci ke nan har abada.

Aikin yana farawa tun dare

Ƙwayoyin cutar da ke jawo zawo da amai ba a ganinsu, kuma sau da yawa ba sa canja ƙamshi ko ɗanɗanon abinci. Sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Salshiyas, wato daga sanyin firji zuwa zafin da hannu ba ya iya jurewa. Idan wuri ya yi musu daɗi, wasunsu sukan ninka kansu kowane minti 20. Mu yi lissafi. Ƙwaya ɗaya tak da ta shiga miya da ƙarfe 8 na dare za ta iya zama fiye da miliyan 2 kafin ƙarfe 3 na dare, ga shi kuwa asuba ba ta yi ba.

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, wannan ƙa'ida ba za ta kiyayu a ƙauyen da ba lantarki ba. Ba za mu zubar da tuwo a shekarar da mudun dawa ya yi tsada ba, kuma duk wanda ya ce mu zubar bai san halin da muke ciki ba. Abin da za mu iya shi ne mu rage yawan ƙwayoyin da ke shiga da dare, mu kashe waɗanda suka shiga da safe.

Babbar dabara ita ce a cire rabon safe tun daga tukunya, kafin kowa ya sa hannu. Yawancinmu akasin haka muke yi: a ci, abin da ya rage a kwanon yara da na baƙi a tattara a rufe. Wannan shi ne sauran da ya fi haɗari, domin hannuwa da yawa sun shiga cikinsa. Akwai ƙwayar cuta da ke zama a fatar mutum, da cikin hanci, da kan ƙurji ko yanka a yatsa. Idan ta kwana cikin abinci takan bar dafi wanda tafasa ba ta karya shi. Don haka a kwashe malmalar safe da mara mai tsabta, a sa a wankakken kwano busasshe, a rufe da murfin da ya zauna daram. Faifai yana tare ƙuda amma ba ya tare ɓera, ɓera kuwa shi ne mai yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa. A ɗora dutse mai tsabta kan murfin, ko a rataye kwanon a ragaya, a wurin da ya fi sanyi a ɗaki.

Miya kuma, bayan an gama zuba wa kowa, a mayar da ita kan sauran garwashi ta sake tafasa sosai, a rufe ta tana tafasar, a sauke. Daga nan ba mai buɗewa, ba mai sa ludayi har gari ya waye. Wanda ya dawo daga hira da dare yana neman abin taɓawa, a ajiye masa nasa daban.

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Abin da zai kwana lafiya a sanyin hunturu na Disamba ba zai kwana ba a Afirilu, lokacin da zafin rana yakan haura digiri 40, ɗaki kuma ya kwana da zafi. Da bazara a rage yawan abin da ake bari. Da damina kuma ruwan sha da na wanke kwano ne abin lura, musamman bayan ambaliya irin wadda ta ci Gummi a Agustan 2024, domin ruwa yakan haɗa masai da rijiya. A annobar kwalara ta 2021 mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 3,000 suka mutu, Zamfara kuma tana cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Ɗumi ba zafi ba ne

Sunan ɗumame kansa yana ruɗin mu. Abin da ake bukata ba ɗumi ba ne, zafi ne da zai ratsa har tsakiya, digiri 70 ko fiye. Ba mu da ma'auni a madafa, amma muna da ido. Miya ta tafasa tana ɓul-ɓul ko'ina, ba a gefe kaɗai ba. A tsaga gutsuren tuwon da ya fi girma da cokali, tururi ya tashi daga cikinsa. Idan waje ya yi zafi tsakiya da sanyi, aikin bai yi ba.

Mun san dalilin da ya sa mata da yawa ke sauke tukunya da wuri. Itace ya yi tsada, shiga daji nemansa kuma ya zama kasada saboda 'yan bindiga. Iyalan da suka baro ƙauyukansu suka fake a garin Anka ko Gummi sun fi kowa sanin wannan. To, ga abin da ke rage cin itace: a yanyanka malmala ƙanana kafin a sa a tukunya, domin malmala guda takan daɗe zafi bai kai cikinta ba. A ƙara ɗan ruwa a miya, a bari ta tafasa tukuna, a zuba tuwon, a rufe. Tukunya a rufe ta fi buɗaɗɗiya saurin tafasa nesa ba kusa ba. Inda matan gida biyu ko uku ke tsakar gida ɗaya, gara su hura wuta ɗaya su bi layi, da kowace ta hura ƙaramar wutar da ba ta tafasa kome.

Ɗumame sau ɗaya ake yinsa. Wanda ya rage bayan an karya ba na ajiyewa har rana ba ne, rabon kaji ne. Abin da kuma ya yi yauƙi, ko ya saki ruwa, ko ya yi fumfuna, ko ƙamshinsa ya juya, ba ya gyaruwa da wuta.

Shinkafa sai an yi mata magana ta musamman, tun da ana nomanta a fadamunmu kuma ita ce abincin biki. Akwai wata ƙwayar cuta a cikin shinkafa da dahuwa ba ta kashe irinta. Idan shinkafar ta huce ta daɗe a wuri mai ɗumi, sai irin ya farka ya zuba dafi, dafin kuma soya ko turarawa ba sa karya shi. Alamarsa amai ne da ke zuwa cikin 'yan awoyi bayan an ci. Babbar tukunyar dafa-duka ta biki ita ce ta fi wannan haɗari, domin tsakiyarta takan kwana da ɗumi. Gara a rabar da ita ga maƙwabta tun da yamma a cinye.

Yara 'yan ƙasa da shekara 2 kuwa, kada a ba su abin da ya kwana. Har wata 6 nono kaɗai ya ishe su. Daga nan, ban da nono, sai sabon abinci: koko ko kunu da aka dama yanzu, a sa masa garin gyaɗa ko na waken suya da ɗan mai. Gasarar da ta yi tsami tana da amfani a nan, domin tsami yana hana ƙwayoyin cuta yawaita. Zawon da babba zai warke cikin kwana biyu yakan mayar da jariri baya wata guda.

Soyen sauran nama da dankali

Nama yakan rage mana a wasu 'yan ranaku: Kirsimeti, Ista, bikin aure, godiyar kaka, da Babbar Sallah idan maƙwabtanmu Musulmi suka aiko da na layya. Wanda ake so ya kai gobe kada a bar shi cikin romo. A tsame shi tun ranar, a barbaɗa gishiri, a soya shi ya bushe sosai, a rufe.

Ga yadda za a yi wa mutum 6. A nemi soyayyen nama cikin gwangwanin madara biyu bayan an daddatsa, dankalin Hausa matsakaita 6, albasa 2, attaruhu da tattasai gwargwadon bakin yara, ɗan daddawa, man gyaɗa ludayi ɗaya ƙarami, ganyen zogale tafi biyu, da ƙwai 2 idan kaji sun yi. Idan an samu dankali mai launin ruwan lemo a ciki ya fi, domin yana ɗauke da bitamin A mai taimakon ido. Dankalin turawa na Jos ma yana yi, haka gwaza, haka kabewa, haka rogo mai zaƙi da ya dahu sarai.

A wanke hannu da sabulu, a wanke wuƙa da abin yanka. A fere dankalin, a yanka shi kamar girman ƙwayar gurjiya, a tafasa shi ya dahu amma kada ya narke, a tsiyaye ruwan ya sha iska. Wannan shan iskar ba ƙaramin abu ba ne, domin jiƙaƙƙen dankali a kasko fate yake zama. A daddatsa naman daidai girman dankalin ko ƙasa da haka. A ɗora mai ya yi zafi, a soya albasa ta yi laushi, a zuba naman a yi ta juyawa har kowane gutsure ya ɗauki zafi yana ƙara a cikin mai. Sai attaruhu da tattasai da daddawa. Sa'an nan a zuba dankalin da zogalen, a cuɗa, a baje shi ya rufe gindin kaskon, a danna da bayan ludayi.

A nan ne yawancinmu za mu yi kuskure, domin hannun mai girki ba ya son zama. A ƙyale shi. Minti 5 ko kusa da haka ba a taɓa ba, wuta matsakaiciya, har ƙamshin kanzo ya fara tashi. Sai a kankaro a juya, a sake dannawa, a sake bari. Kanzon nan shi ne daɗin abin, kuma ashe ba mu kaɗai muke faɗa a kansa ba, Turawa ma shi suke nema. Kada a sa gishiri sai an ɗanɗana, tun da naman da gishirinsa ya zo. Idan da ƙwai, a buɗe rami a tsakiya a fasa, a rufe har gwaiduwar ta daskare, ko a kaɗa shi a cuɗe da sauran don kowa ya samu. A ci da zafinsa. A matsa lemon tsami ko a yanka ɗanyen tumatir wankakke a kai, domin suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙarfen da ke cikin zogale da wake. Shayi kuwa yana hana wannan tsotsa, saboda haka a jinkirta shi.

Ranakun da ba nama, waɗanda su ne suka fi yawa, kaskon ba ya canjawa. Busasshen kifi na Gulbin Zamfara ko Gulbin Ka, a gyara shi a cire ƙaya da kyau saboda yara, yana maye gurbin nama. Haka dafaffen wake, haka awara, haka dakakken ƙuli-ƙuli da za a barbaɗa a ƙarshe. Idan dankalin ne babu, tuwon jiya da ya yi tauri a yanka shi ƙanana a soya da albasa da yaji kamar yadda muka bayyana. Na masara da na dawa sun fi riƙe jikinsu a kasko. Yaran da ke ɓata fuska idan sun ga ɗumame sukan miƙo kwano a ƙara musu wannan.

Don tattaunawa

A gidajenmu, wa yake fara cin ɗumame, wa yake samun na ƙarshe? Idan nama ya shigo, kashi nawa yake kaiwa bakin yara da mata masu ciki ko masu goyo?

Mu tuna lokacin da mutane da yawa suka yi zawo ko amai bayan wani biki. Me aka ci, kuma yaya aka ajiye shi?

A cikinmu akwai waɗanda mazajensu ko 'ya'yansu ke aikin zinariya? Ina suke tuɓe kayan aiki, ina suke wanka, kuma nawa ne nisan wurin da inda abinci yake kwana? Mun san abin da injin niƙan unguwarmu ya taɓa niƙawa?

Bayan cin abinci na tare a majami'a, wa ke da alhakin abin da ya rage a manyan tukwane? Akwai gwauraye da marayu da baƙin da suka yi gudun hijira da za a kai wa tun yana da zafi?

A taro na gaba, kowace mace ta zo da abu ɗaya: wata dankali biyu, wata albasa, wata tafin zogale, wata ɗan kifi ko wake, wata 'yan karare na hura wuta. A soya kasko ɗaya a gaban kowa, a ƙirga mutum nawa ya isa. A gayyaci maza biyu ko uku daga cikin dattawa su zo su gani, su ɗanɗana bayan yara sun ci.